Hasken da Ba Shi da Fitila

Zuwa ga Ɗan Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka da wannan sanyin da Goggo ke cewa ya mai da kai tsinke. Na je gaishe ta makon jiya, gwiwar ce dai har yanzu, amma bakin nan nata lafiya lau. Yara suna nan ƙalau. Ni ce dai hawan jini ya sa ni gaba.

Na san za ka yi mamaki. Rabona da kai tun kana ɗan mitsitsi ina koro ka daga gaban talabijin ɗinmu. Babana da Goggo 'ya'yan wa da ƙani ne, zumuncin ya ɗan yi nisa, amma yau ba ni da wanda ya fi ka kusa. A takarda nake rubutawa in ɗauki hotonta in turo maka, don in na kira ka kuka ba zai bar ni in kai ƙarshen zance ba.

Baban yara yana tsare. Motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani babban sito, irin mai ƙaho biyu a gaba ɗin nan. Ran nan da rana tsaka ya ɗauko kaya daga fili, ya shiga ƙofar siton, ya bi ta kan mai ƙirga kaya. Ko asibiti ba a kai ba. Abokinsa ne fa, a kwano ɗaya suke cin abinci. Baban yara ya rantse bai gan shi ba, ya ce daga cikin rana ya faɗa duhu, fitilun layin farko kuma sun daɗe da mutuwa. Masu siton sun ce ƙarya ne, akwai haske, ganganci ya yi. Lauya ya ce in alƙali ya yarda bai gani ba, tsautsayi ne, zai dawo gida. In ya yarda ya gani bai tsaya ba, shekaru ne masu yawa.

Goggo ce ta ce wai ɗakuna kake ginawa a cikin kwamfuta don masu wasan gem, wai har rana kake sa wa ta fito ta faɗi. Da na ji sai na ce, ashe wasan yaran nan ya bi shi har girma? Yanzu ga ni ina roƙo. Za ka iya gina siton nan a nuna wa alƙali abin da idon mutum ke gani in ya shigo daga rana? Kashegarin abin masu siton suka gyara fitilun, suka shafe bangon da farin fenti, babu sauran abin nunawa.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan marigayi, ya fito da Yaya Direba lafiya. Ni ƙalau nake, ban zama tsinke ba, Goggo ce ke auna ƙiba da hoto. Mura ce kawai ba ta rabuwa da ni. Don Allah ki riƙa shan maganinki, kada mu tashi da marasa lafiya biyu.

Maganar wasan yara ta riga takardarki zuwa, Goggo ba ta ajiye labari. Ban ji haushi ba, ko ita har gobe cewa take zaman banza ake biya na.

Zan iya. Bango da kantoci ba su da wuya, kamar jera kwali ne. Haske shi ne aikin. Iri biyu muke da shi. Akwai wanda ake lissafawa sau ɗaya a manna shi a jikin bango kamar fenti, ko an buɗe ƙofa ko an rufe yana nan yadda yake. Wannan ba zai amfane mu ba. Akwai kuma mai rai, wanda injin wasan ke sake lissafawa duk ƙiftawar ido. Ƙofa ta ɗaga, rana ta zubo. Mota ta shigo, inuwar kayan da ta ɗauko ta riga ta shiga. Shi nake yi kullum, shi ke sa fankar kwamfutata ihu har maƙwabci ya buga bango. Har idon ma zan iya kwaikwayo, hoton ya dushe sannan ya riƙa washewa a hankali, yadda idonki ke yi in kin shiga ɗaki daga tsakar gida da rana.

Amma ba na aiki da zato, sai kin sha tambaya. Ƙofar ina take kallo? Waɗanne fitilu ne suka mutu, waɗanne ke ci? Bangon wane launi ne kafin fenti? Daɓen yana sheƙi ko ya sha baƙin mai? Rufin akwai wurin da haske ke shigowa? Kayan da ya ɗauko sun kai ina? Marigayi a ina yake tsaye, me ya saka?

Abu ɗaya kuma, Yaya, gara in faɗa tun yanzu. Ba zan taɓa hasken don ya yi mana daɗi ba. Abin da ya fito shi zan ba ki. In na rage ko ƙanƙani, masu siton za su ɗauko wanda ya san aikin ya gano, mu ƙara tura Yaya Direba cikin rami.

Ƙaninki.

*

Ɗan Goggo,

Ina gaisuwa. Yaya mura? Ka riƙa rufe ƙirjinka. Ina shan maganin, kada ka dame ni, ranar da na tuna.

Kai, tambayoyinka sun fi na ɗan sanda! Sai da na rufe shagon ɗinki yini guda ina yawon neman amsa. Wani makanike da suke aiki tare ya tausaya mini, ya turo tsofaffin hotunan cikin siton da ke wayarsa, amma ya ce ko da wasa kada sunansa ya fito, yana da iyali. Ga su nan na haɗo maka. Ƙofar yamma take kallo. Layin farko na fitilu duk a mace, na can ciki ne ke ci. Bangon toka-toka ne, daɓen baƙi ƙirin da mai, rufin babu ko huda. Buhuna ne ya ɗauko, ba su kai su tare masa gaba ba. Marigayi yana bayan ginshiƙi na biyu da shuɗin kayan aiki mai duhu, ya duƙar da kai yana rubutu a ɗan allon da yake riƙewa.

Na je ziyara. Ya rame, idon nan ya faɗa. Ba ya tambayar 'ya'yansa, 'ya'yan marigayi yake tambaya, sun ci, suna zuwa makaranta. Na ba shi labarinka, na ce yaron nan da ya taɓa ɓalle mana eriya ne zai fito da kai. Wallahi sai da ya yi murmushi, rabona da ganin haƙoransa tun kafin abin.

Ka yi don Allah. Kuma ba cewa na yi ka yi ƙarya ba, ni na san mijina. Da kyanwa ce ma ya gani zai tsaya.

Yayarka.

*

Ɗan Goggo,

Lafiya dai ko? Shiru kamar an aiki bawa... a'a, bari in bar tsiya, ni ke nema. Na kira ba ka ɗauka ba. Goggo ta ce lafiyarka lau kun yi magana. An sa ranar zaman kotu, ta matso. Na riga na gaya wa Lauya da surukata cewa hujja tana hanya. Ko yaya ne ka ce wani abu.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan jikin da sauƙi. Mura ta tafi. Ki yafe shirun da na yi, na gama tun tuni, hannuna ne ya kasa turowa.

Ga bidiyon. Na zauna a kujerar motar a cikin siton da na gina, na tuƙa ta daga fili zuwa ciki, abin da kika gani shi idon direba ke gani. Na sake gwadawa ba adadi. Ki kalla ke kaɗai tukuna. Ki yi haƙuri da abin da Allah ya nufa.

Ƙaninki.

*

Ɗan Goggo,

Ban san ta inda zan fara gaishe ka ba. Muna raye dai. Jinina ya hau, jiya sai da maƙwabciyata ta kai ni aka yi mini allura.

Me ya hana ka faɗa mini a fili? Ki yi haƙuri da abin da Allah ya nufa, haka kowa ke ce mini tun ranar farko, mai kayan miya ma haka ya ce. Ta ina zan san naka daban ne?

A bakin shago na buɗe bidiyon, cikin rana, a wayata mai fasasshen gilashi, ga shi kullum a rage nake barin haskenta don caji ya kai ni yamma. Na ga fili, na ga ƙofa, mota ta shiga, sai baƙi wuluk. Na yi ihu har yarinyar da ke koyon ɗinki ta zubar da allurai. Ko keken ban rufe ba na kama hanyar ofishin Lauya. Na tarar zai fita, a ranar yake da ziyarar Baban yara. Ya ce bari ya fara dubawa, na ce ina, babu lokaci, na gani da idona, mu je a faranta wa bawan Allah rai. Ni na matsa masa, kada ka ga laifinsa.

A ɗakin ziyara ya buɗe kwamfutarsa. Tebur ne na ƙarfe, fanka tana juyawa a sama, gandiroba a tsaye bakin ƙofa. Mota ta shiga, hoton ya dushe yadda ka ce. Amma a wannan allon ba baƙi ba ne. Ga ginshiƙi, ga mutum a bayansa, tun daga bakin ƙofa ana hango shi. Akwai fili na tsayawa har a yi ribas.

Lauya ya kai hannu zai rufe, Baban yara ya riƙe masa hannu ya ce, “Sake saka mini.” Aka sake. Ya ce a ƙara. Ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa allon. Na ce masa wannan fa wasan yara ne, zane ne kawai. Ya ce, “Ba ke kika ce yaron ya rantse ba zai taɓa komai ba?” Can ya jingina da bango ya ce, “Ashe ana gani.”

Tun daga nan bai sake cewa bai gan shi ba. Ya gaya wa Lauya zai amsa laifinsa.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina tambayar jiki, duk da na san ba ki son jin muryata ko a takarda. Ban amsa miki da wuri ba don ban da abin cewa. Yau ina da shi. Ki zauna kafin ki karanta.

Bidiyon nan ba daidai ba ne. Ni na yi kuskure.

A wurin aiki ina gina cikin wani jirgin ruwa da ya nutse. Ɗazu da safe shugabar sashenmu ta zo kaina ta ce masu gwaji suna ƙorafi, duhu ya yi yawa, sai karo suke da bango, in ƙara musu hasken tausayi. Haka muke kiransa a tsakaninmu. Wani haske ne da ba shi da fitila, ba shi da inuwa, ba ya fitowa daga ko'ina. Ɗan kaɗan ake barbaɗawa a duk faɗin wurin don kada duhu ya zama duhu na gaske, saboda mai wasa in bai ga gabansa ba kashewa yake ya tafi. Na kai hannu zan ƙara shi, sai na tsaya cak, na tuna da siton.

Yaya, ina da wani fankon fili da nake fara kowane gini a kansa, na daɗe da haɗa shi, kamar yadda kike da ma'aunin da ba kya sake dubawa. Hasken nan yana cikinsa. A kansa na gina siton. Na auna rana, na kashe fitilun layin farko ɗaya bayan ɗaya, na baƙanta daɓe, na yi ta fama da yadda ido ke washewa. Duk gwajin da na yi fitilu nake bi, shi kuwa ba ya cikin jerin fitilu. Idona ya saba da shi har ba na ganinsa, a wurina haka duhu yake.

Na nemi izini na dawo gida na kashe shi. Na hau motar na shiga. Babu ginshiƙi, babu mutum, babu komai sai fitilun can ciki suna kashe ido. Sai mota ta zo dab, inda ko birki aka taka an makara, sannan kafaɗa ke fitowa. Yaya Direba gaskiya ya faɗa tun farko. Bai gan shi ba.

Ga sabon bidiyon, na tura wa Lauya ma da bayani dalla-dalla. Zan ba da ginin gaba ɗaya duk masanin da suke so ya buɗe ya duba. In ana so in zo in tsaya gaban alƙali in ce ni na yi shirme, zan zo. Ki kai masa yau, kada a kwana.

Ƙaninki.

*

Ɗan Goggo,

Na samu. Jiki da sauƙi. Na zage ka a raina, na kuma yi maka addu'a, duk a zama ɗaya.

Mun kai masa. Wannan karon Lauya ya fara kalla, ya ce hujja ce mai ƙarfi, har ya yi ta buga tebur. Baban yara ya kalla sau ɗaya ya ture kwamfutar. Ya dube ni ya ce, “Kin je kin yi wa yaro kuka ya rage haske.” Na rantse masa da duk abin da na sani. Lauya ya karanta masa bayaninka. Ya ce shi bai san wani haske marar fitila ba, abin da ya sani na farko an yi shi kafin a san abin da zai fito, na biyu an yi shi bayan an sani.

Abin da ya fi tsorata ni, yanzu cewa yake ya tuna. Wai ranar ta dawo masa tar. Ya ce yana shiga ya hango marigayi ya ware hannuwa biyu, nan da nan, yana tare shi, shi kuma ƙafarsa ta ƙi barin totur. Yana faɗa yana ware nasa hannuwan, hawaye na zuba. Ɗan Goggo, ko dai gaskiya ne? Ni kaina na fara rikicewa. Dama mutum yakan manta irin wannan sannan ya tuno?

Yayarka.

*

Yaya,

Ina fatan kin tashi lafiya. Kada ki rikice, ki saurare ni.

Ba marigayi yake tunawa ba, mutum-mutumina yake tunawa. Duk mutum-mutumin da muke sakawa a wasa haka yake zuwa, a tsaye ƙyam hannuwa a ware gefe da gefe, don a ji daɗin saka masa sutura da motsi daga baya. Ni haske na dama, sai na shafa masa shuɗi na dasa shi bayan ginshiƙi, ban tsaya gyara masa hannu ba. Ki sake kallon bidiyon farko za ki gani. Marigayi allo ke hannunsa yana rubutu, makaniken ya shaida. Wanda ke rubutu da wane hannun zai tare mota?

Ki gaya masa haka. Ki ce na ce ya ji tsoron Allah kada ya ɗauki abin da ba nasa ba. Na fara neman hutu a wurin aiki, ki ce wa Lauya ya roƙi a ɗaga zaman har in iso.

Ƙaninki.

*

Ɗan Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Goggo ta ce ba ka cin abinci, ka ci. Yara lafiya, ƙaramar ce ke ɗan zazzaɓi. Na daɗe ban rubuto ba, ka kira kuma ban ɗauka ba, ina sane.

Ka bar maganar hutu. An gama.

Na gaya masa zancen hannuwan yadda ka rubuta, har na sa aka buga takardarka na ba shi ya riƙe. Ya karanta ya ninke ya miƙo mini. Ya ce, “Shi yana wurin ne, ko ni?” Lauya ya ce a nemi ɗaga zama, ya ce bai yarda ba. Ya ce a saka bidiyo na biyu, ya ce in aka saka zai miƙe ya ce na bogi ne. Lauya ya ce mini ba a kare mutum da ƙarfin tsiya.

Ranar zaman ɗakin ya cika da ma'aikatan siton. Matar marigayi tana benci na gaba da goyo. Alƙali ya tambaye shi ko ya fahimci abin da zai amsa, ya ce ya fahimta. Ya ce ya gan shi, ya ware hannu, bai tsaya ba. Na ga makaniken ya sunkuyar da kai. Masu siton kuwa babu wanda ya sake tambayarsu zancen fitilu. Alƙali ya ce don ya amsa da bakinsa an sassauta. Sassaucin nan, babbar 'yarmu za ta gama makaranta ba ya nan.

Ban yafe maka ba tukuna, ba zan ɓoye maka ba. Ban yafe wa kaina ba ni ma, ni na ja Lauya da gudu. Kada ka sake turo wani bidiyo, na goge duka biyun.

Jiya na je wurinsa a inda aka mai da shi. Abin haushi, ya fi da kyan gani, har kumatu ya fara yi. Ya ce da can kullum yana ta laluben abin da ya faru a cikin duhu bai samu ba, yanzu ya san abin da ya yi, hankalinsa ya kwanta. Sai na hau ba shi labarin shago. Da lokaci ya ƙare gandiroba ya taɓa kafaɗarsa, ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. Ya ce in gaishe ka da kyau, in ce maka ya gode, aikinka ya yi kyau, siton kamar ka taɓa shiga.

Yayarka.